Ƙwai Mai Kalar Zoɓo da Kwaɗin Malama Rabi

Ku da kuke zuwa shagona kuna cewa aikin wuta ba wani abu ba ne, a murɗa ƙwai a holda a danna makunni shi ke nan, ku ɗan dakata in ba ku labarin ƙwai guda ɗaya. Yana nan rataye a ƙusa bayan ƙofa, mai kalar zoɓo, kullum kuna ganinsa, amma ba wanda ya taɓa tambayata abin da ya hana ni jefar da shi. Sunana Habu. Na haura shekara arba'in ina aikin wuta a nan Ƙofar Mazugal, kuma duk wanda ya san ni ya san ni da rashin yarda. Ban yarda da kwali ba, ban yarda da rubutun jikinsa ba, balle wanda ya sayar mini da shi. Har matata takan ce ko gishiri aka ba ni sai na lasa kafin in yarda ba sukari ba ne, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Wannan hali a wajen Baba Sule na ɗauko shi, maigidana da ya koya mini sana'ar, Allah ya jiƙansa. Aikin farko da na bi shi shi ne saka wuta a akwatin gilashin da wani mai turare yake jera kayansa. Na shirya filaya, tasta, sukuddireba da salatif, ina jin kaina gwani. Sai na ga ya ciro wani ɗan gwangwani daga aljihun gaba, ya lakato man kaɗe kamar ƙwayar gyaɗa, ya ɗora a kan gilashin daidai ƙarƙashin ƙwan, ya kunna, ya nemi benci ya zauna. Na ce, "Baba, ba mu gama ba?" Ya ce, "Kai ka gama. Ni ina jira man nan ya gaya mini gaskiya." Kafin mu sha ruwa man ya narke ya bi gilashi. Ya cire ƙwan ya sa wani. Ya ce ƙwan da ya narkar da man kaɗe zai dafa turaren mutum, kuma idan turare ya lalace ba kamfanin ƙwai za a zaga ba, mu za a zaga. Tun daga ranar gwangwanin man kaɗe ya shiga jakar aikina.

Gwaji na biyu ni na ƙirƙiro shi, lokacin da alhazai suka fara son akwatin kifi a falo, da ciyawa mai rai a ciki. Na koyi yankan gilashi da haɗa shi da gam saboda kada aikin ya wuce ni. A nan na gane cewa hasken da ya ishi idon mutum ba lallai ya ishi ganye ba. Sai na riƙa shuka wake a gwangwanin madara, in kifa babban kwali a kai, in saka ƙwan da nake zargi a ciki. Kwana bakwai nake ba shi. Idan waken ya fito gajere, kore shar, ƙwan ya ci jarrabawa. Idan ya yi zangarniya, dogo siriri fari kamar mai jinya, to ko an rubuta wat dubu a kwalinsa ƙarya yake. Masu saye suna ƙorafin ina ɓata musu lokaci, ni kuwa nakan ce su je gaba, akwai masu sauri.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce shekarar da sababbin ƙwayayen nan marasa shan wuta suka cika kasuwa. Kowa ya daina sayen dogon ƙwai mai cok da sitata, na'urorin da suke tayar da shi, wanda shi muka ƙware a kai. Tsoron kada a bar ni a baya ya sa na kwaso katan guda daga hannun wani ɗan tireda da ban san asalinsa ba. Rabinsu suka mutu kafin wata ya zagayo, wasu suna ƙyaftawa kamar mai ciwon ido, mutane suna dawo mini da su a leda suna faɗa a ƙofar shago. Na rasa masu saye da na yi shekaru ina tarawa. A ƙasan katan ɗin akwai guda goma sha biyu masu kalar zoɓo, an zana ganye a kwalinsu, wai na shuka ne. Ba wanda ya so ɗakinsa ya koma wannan kala, don haka na tura su ƙarƙashin benci. Ban gwada ko ɗaya ba, domin ban zaci zan taɓa sayar da su ba.

Da farkon wata bazara, bayan azahar, wata mata ta yi sallama a shagon nan. Ba yarinya ba ce, za ta yi arba'in, da farin tabarau da jakar littattafai. Ta ce sunanta Malama Rabi, tana koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata, tana haya a Goron Dutse. Ta miƙo mini takarda ta zana akwati, tsawo ƙafa uku, tsayi ƙafa biyu, murfinsa rabi gilashi rabi raga.

Na ce, "Malama, wannan ai ba na kifi ba ne. Ruwa bai kai sama ba."

Ta ce, "Ba kifi ba ne, Malam Habu. Kwaɗi zan saka."

Na ajiye takardar na kalle ta. "Kwaɗi?"

"Ƙanana, na lambu. Da shuke-shuke masu rai. Ɗalibaina a littafi kawai suke ganin yadda ƙasa da ruwa da ganye da dabba suke zama tare. Ina so su gani da idonsu. Za a yi hutu yanzu, zan raine shi a gida, idan an koma in kai makaranta. Amma daga albashina zan yi, don haka ka nemo mini haske mai araha."

Bayani ne mai kyau, kuma kyansa ne ya dame ni. Ni dai a rayuwata ban taɓa jin wanda ya ajiye kwaɗo a ɗaki don alheri ba. Kwaɗo a kwata muka san shi, ko a labarin bokaye. Mace ita kaɗai, ba miji a tare da ita, tana son akwatin kwaɗi a ɗakinta, zuciyata ta riga ta yanke hukunci tun kafin ta rufe baki. Na so in ce ba zan yi ba, amma kasuwa ba ta da daɗi a lokacin. Sai na yi shawarar in yi mata da sauri ta tafi da abinta. Ta tambaya kwana nawa, domin wanda ya turo ta ya gaya mata ina gwada ƙwai mako guda. Na ce nata ba ya bukatar gwaji, akwai na shuka a ajiye. Na sunkuya ƙarƙashin benci na kakkaɓe mata mai kalar zoɓo.

Aikin gilashin kam na yi shi da kyau, wannan ba na tantama. Na kai mata har gida, wani sashe mai ɗaki biyu a gidan wani Alhaji Garba, tagarsa tana kallon lungu. Ina tsaye ta zuba tsakuwa, ta zuba gawayi, ta bi da ƙasar lambu, ta shimfiɗa gansakuka, ta dasa wasu ganyayyaki masu yaɗo a jikin wani ruɓaɓɓen itace. Kwaɗin guda biyar ne a cikin roba mai huji, ba wanda ya fi babban yatsana. Na ɗora ƙwan daf da murfi, na kunna. Ɗakin gaba ɗaya ya rine. Ta ce, "Haka yake?" Na ce haka na shuka yake. Gwangwanin man kaɗe yana cikin jakata, ban ko taɓa shi ba.

Kuskuren da ya fi wannan girma da yamma na yi shi. Bayan la'asar muna zaune a majalisarmu ta ƙofar mai shayi, hira ta mutu, bakina ya yi ƙaiƙayi. Na ce yau na ga abin da ban taɓa gani ba, wata mata ta sa na gina wa kwaɗi gida, har da wuta. Aka yi dariya. Wani ya ce me za ta yi da su? Na ɗaga kafaɗa na ce, "Ta ce wai na makaranta ne. Allah dai ya san gaskiya." Wani ya ce a ina? Na faɗi unguwa, na faɗi mai gidan. Iyakar abin da na ce ke nan. Ban ce tsafi ba, ban ce asiri ba, amma yadda na ja wannan "wai" ɗin ya ishe su.

Ban sake jin komai ba sai bayan mako uku, ta dawo shagon. Ta rame, idonta ya faɗa. Ta ce ganyen duk sun yi rawaya suna zubewa, gansakukar ta bushe duk da tana fesa ruwa safe da yamma, kwaɗin sun maƙale a ƙarƙashin itace ba sa fitowa cin gara, ɗaya ma ya mutu. Sannan ta ce akwai abin da ya fi wannan.

"Malam Habu, Alhaji ya ba ni zuwa ƙarshen wata in tashi. Shekara tara ina gidan nan."

Na ce, "Subhanallahi. A kan me?"

"Wai an ga jan haske yana fita ta tagata da magariba, ana jin kukan kwaɗi a tsakiyar bazara. Tunkiyar maƙwabciyata ta yi ɓari, an ce ni ce. Yaron da yake zazzaɓi, ni ce. Matan gidan da muke cin abinci tare yanzu idan na aika musu kwano, a bayan gida ake juye shi. Ban san wanda ya fara maganar nan ba. Na kai ƙara wajen mai unguwa, ya sa ranar Asabar. Don Allah ka zo ka faɗa musu abin da ka sani, kai ne ka yi akwatin."

Na sha jinin jikina nan take, amma na daure fuska na ce zan zo. Na ce kafin nan bari in duba wutar. A ranar na bi ta, wannan karon na ɗora man kaɗe a kan murfin. Ban gama naɗe waya ba ya zama ruwa. Na sa hannu cikin akwatin, ɗumi kamar an buɗe tukunya. Na cire ƙwan na ɓalle kansa da sukuddireba a gabanta. Ba wani na shuka. Ƙwai ne na banza, irin wanda yake zafi fiye da haske, aka shafa wa murfinsa fenti. Fentin ya tare ɗan hasken da ganyen za su samu, zafin kuma yana busar da fatar kwaɗin. Mako uku ina gasa mata su a bazarar Kano.

A nan ku buɗe kunne, domin wannan shi ne aikin da kuke cewa mai sauƙi ne. Kwaɗo ba ruwansa da haske mai yawa, inuwa yake so da danshi. Ganye ne mai bukatar haske. Don haka abin da kake nema shi ne wanda zai ƙosar da ganye ba tare da ya ƙona kwaɗo ba, kuma ba sai mai tsada ba. Fari tas ake so, irin na hasken hantsi, ba mai ruwan ƙwai ba, ba mai kala ba. Na ɗauko siraran fitilun nan masu kamar tsinke da ake liƙawa a gilashin masu sayar da waya, masu aiki da batir, waɗanda na riga na gwada da wake suka fito kore. Na jera biyu a jikin faranti na alminiyam don ya riƙa janye zafi, na ɗaga su yatsa huɗu daga murfi, a gefen gilashi, na bar gefen raga iska ta shiga. Na haɗa su da ɗan batirin solarta saboda ɗauke wuta kada ya shafe su. Na sa mata agogon da yake kunnawa da asuba ya kashe kafin magariba, domin su ma suna bukatar duhu kamar kowa. Na sake ɗora man kaɗe, muka zauna har aka kira la'asar, yana nan a dunƙule. Duka kayan ba su fi ƙarfin albashin malama ba, kuma da su ya kamata in fara.

Ta yi mini godiya har kunya ta kama ni. Ta ce ba laifina ba ne, ai 'yan kasuwa ne suka cuce ni. Na karɓi godiyar, ban gaya mata ban gwada shi ba.

Ranar Asabar da hantsi muka hallara a zauren mai unguwa. Akwai Alhaji Garba, da limamin masallacin lungun, da wasu dattawa uku, mutane kuma sun cika ƙofa. Malama ta sa an ɗauko akwatin a kura, ni na riƙe batir. Ta yi bayani a natse, ta nuna littafin da take koyarwa da shi. Mai unguwa ya juya ya tambayi Alhaji hujjarsa. Alhaji Garba ya gyara hula ya ce shi ba mai zalunci ba ne, kuma ba da jita-jitar mata ya yi aiki ba.

"Ranka ya daɗe, wanda ya yi akwatin da hannunsa shi ya fara faɗa a majalisa cewa bai yarda da ita ba. Ƙanina yana wurin, da kunnensa ya ji. Ga shi nan a zaune, a tambaye shi."

Duk zauren ya juyo kaina. Ita ma ta juyo. Da ma harara ta yi mini da ya fi sauƙi, amma kallon mamaki ne, kamar tana jira in ce ƙarya yake. Zan iya cewa ban ambaci asiri ba, kuma da gaskiya ne, amma na san abin da na yi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne. Ban ga komai a ɗakinta ba sai ƙasa da ganye. Zato na yi, na kai shi majalisa. Jan hasken da ake gani kuma ba nata ba ne, nawa ne, ƙwan jabu ne na saka mata don in rabu da shi." Na ciro shi daga aljihu na kankare fentin da farce, na miƙa aka riƙa zagayawa da shi hannu zuwa hannu.

Sannan na haɗa batir na kunna farin. Dattawan suka matso. Kwana huɗu kacal da canjin, amma gansakukar ta fara farfaɗowa, wani sabon ganye ya leƙo, raɓa ta kwanta a jikin gilashi. Ɗaya daga cikin kwaɗin yana zaune a kan itace, maƙogwaronsa yana motsi. Liman ya daɗe yana kallo, ya ce wannan ai lambu ne a cikin gilashi, kuma kwaɗo halitta ce da aka hana mu kashewa ma, balle a kori mutum saboda ya shayar da ita. Wani dattijo ya tambaya me suke ci, ta ce gara da ƙananan ƙwari, ya ce to ta zo gidansa ta kwashe garar da ta ishe shi. Aka yi dariya. Alhaji Garba ya ce ya janye, ta yi zamanta. Mai unguwa ya yi mini faɗan da ban sha irinsa ba tun ina gaban Baba Sule, ya ce da furfurata bai kamata in yaɗa zato ba.

Na zaci magana ta ƙare a nan. A waje na tsaya har ta fito, na ce, "Malama, don girman Allah ki yafe mini."

Ta gyara mayafi ta ce, "Na yafe, Malam Habu. Abu ɗaya ne kawai yake ba ni mamaki. An ce mini ƙwan fitila ma sai ka ba shi kwana bakwai kafin ka ce maƙaryaci ne. Ni ko wuni ɗaya ba ka ba ni ba."

Ta juya ta tafi, ba ta jira amsa ba.

Ƙarshen watan ta tashi daga gidan duk da haka. Abin da aka wanke a zauren mai unguwa bai kai cikin gida ba. Matan sun dawo suna gaishe ta, amma kwanon da ta aika har yanzu ba a ci, kuma idan ta fito tsakar gida sai a kira yara ɗaki. Ta ce ba za ta iya zama inda ake tsoron abincinta ba. Ta koma can wajen Kabuga, nesa da makarantarta, mota biyu take hawa kullum. Na ji labari akwatin yana makarantar har yanzu, ganyen sun cika shi sai an riƙa datsewa, 'yan mata suna rububin ranar da za su fesa ruwa. Wutar da na saka ba ta taɓa ba da matsala ba. Da lokacin canza ta ya yi, wani ta kira ba ni ba.

Sauran sha ɗayan na farfasa su da guduma na zuba a shara. Wannan ɗaya na rataye. Kuna ganin har yau akwai gwangwanin wake a ƙarƙashin kwali a bayan shago, da man kaɗe a jakata, kuma duk wanda zai zauna a wajena sai ya koyi jiran kwana bakwai ko ya nemi wani maigidan. Majalisar mai shayi ina zuwa, ina shan shayina, idan an tambaye ni aikin wa na yi yau sai in ce na wani bawan Allah. Wani lokaci idan na bi ta lungun nan na Goron Dutse ina ganin tagar, wasu ne a ɗakin yanzu, sun sa labule. Shekara tara ta yi a wurin, ni kuma da hirar kofin shayi ɗaya na fitar da ita.